Jan Zaren Tanti Chamsou

Salamu alaikum, masu bibiyata. Yau ku yafe mini doguwar gaisuwa, don tun ranar Asabar zuciyata ke tafasa, in ban juye muku abin nan ba ina tsoron in je wajen aiki in huce a kan haƙorin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Nadia. A Maradi aka haife ni, a Greensboro na yi wayo. Ina aiki a wani asibitin haƙori da ke East Greensboro, ni ke wanke wa mutane haƙora kafin likita ya duba su. Babana ya rasu, daga ni sai Maman a wani apartment hawa na biyu bayan Gate City Boulevard. An sa ranar aurena da Chaïbou, saura 'yan makonni. Ni na kawo shi gida da kaina, ba wanda ya ɗora mini shi, kuma ina son sa. Ku riƙe wannan da kyau, don in ba haka ba za ku ce haukan banza na yi.

Chaïbou dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, irin mazan nan da ko faɗa suke yi sai ka ɗauka lallashi ne. Direban babbar mota ne, yanzu har yana da motoci biyu na kansa. Tun da muka fara magana abu ɗaya na roƙe shi: ba zan bar Greensboro ba. Na sha wahalar karatu kafin in samu aikin nan, sannan Maman ba ta tuƙi, ni ce ƙafarta zuwa asibiti, zuwa kasuwa, zuwa gaisuwar mutuwa. Wata rana muna zagaya Summerfield a mota muna kallon gidajen masu dawaki muna mafarkin da bai fi ƙarfin baki ba, ya juyo ya ce mini, "Nadia, ko akurkin kaji zan kama mana, sai kin leƙa kin ce ya yi miki." Na yi dariya har da dukan kafaɗarsa. Ni sakarya, na ɗauki maganar na adana.

To, ranar Juma'a da yamma sai ga Tanti Chamsou, ƙanwar Maman. Duk wani bikin 'yan Nijar da ke garin nan, in ba ta sa hannu ba to bai ɗauru ba, ita ke raba anko, ita ke raba faɗa, wani lokacin ita ke haɗa shi. Ta zauna ta sha shayi, ta ce ta ji labarin wani gari a kan iyakar Virginia da ake sayar da rigunan sanyi da safa masu kyau da araha, tana so su sayo su aika Maradi kafin sanyi ya sauka.

"Ke za ki kai mu, ɗiyata. Kin san ni da highway ba mu shiri."

"Tanti, Asabar ce kaɗai hutuna fa. Ba ga shaguna nan cike da suwaita ba?"

"Waɗannan na roba? Wanki ɗaya su zama tsumma. Can aka ce garin saƙa ne tun kaka da kakanni."

Na dubi Maman ko za ta cece ni, sai na ga ta duƙufa tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya. Na ce to.

Ba zan faɗi sunan garin ba, don yanzu ko jin sa ba na son yi. Mu kira shi Garin Safa.

Da safe na zura abaya ruwan toka, na ɗora jaket, na sa sneakers, na yafa ƙaramin mayafi. Ina fitowa falo na tsaya. Maman ta sha shaddarta ruwan makuba wadda sai suna ko ɗaurin aure take fitowa daga akwati, har da 'yan kunnen zinare. Tanti kuwa leshi ne ruwan zuma, ɗaurin kai ya kusa taɓa fanka, ƙamshin humra ya cika matattakala. A gefen jakarta na hango kwalbar turaren wuta da ƙaramin kasko na lantarki. Ku gaya mini, wa ke cin ado haka don sayen safa? Amma ni a lokacin cewa na yi, "Kai, hajiyoyi, yau Turawan ƙauye za su ga gayu." Suka yi dariya wadda ta fi ƙarfin maganar.

Kafin in tayar da mota saƙon Chaïbou ya shigo.

"Ina kwana, sarauniya. An ce yau kin zama direban manya."

"Wa ya gaya maka?"

"Tanti mana. Ki tuƙa a hankali. In kin isa ki gaya mini yadda kika ga garin."

"Garin safa ne fa, me zan gani?"

"Ki dai duba shi da kyau."

Ya haɗa da hoton zuciya ja har uku. Na mayar masa da ɗaya, ina jin daɗi wai ana kula da ni.

Mun yi nisa, gidaje sun ƙare sai itatuwa da gonaki, sai na ji Tanti a baya tana zazzage jaka.

"Innalillahi! Fourera, na baro mètre bisa tebur!"

Fourera sunan Maman ne, mètre kuwa shi ne tef ɗin awo irin na tela. Ta madubi na ga Maman ta kai mata mintsini a cinya.

Na ce, "Me za ki auna, Tanti?"

"Rigunan yaran Kawunki Ousmane mana. Kin san ƙattai ne, kar a sayo su ƙi shiga."

Na yarda. Wallahi na yarda, har ina ba ta shawara wai ta duba lambar da ke wuyan riga.

Tafiyar ta fi awa guda. Abin da ya fara tarbar mu shi ne wani dogon bututun hayaƙi na jan bulo, sai masaƙar kanta, gini ne da ya kusa cinye rabin garin, tagoginsa wasu a fashe wasu an toshe da katako. Kogi ya ratsa ta bayansa, da wata tsohuwar gadar ƙarfe, allo a bakinta yana cewa in ka haye ka shiga Virginia. Babban titinsu shago ɗaya a buɗe, biyu a rufe. Sun saƙa wa turakun fitilun titi riguna masu launi-launi, har bencin zama an sa masa suwaita, a tsakiyar gari kuma ga gunkin safa ƙafa ɗaya ya fi ni tsawo. Abin da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma a wajen parking wata akori-kura na tsaye da tutar nan ta mutanen kudu ta zamanin bauta, mai ita yana zaune a ciki yana bin ɗaurin kan Tanti da kallo har muka shige. Ban ga masallaci ba, ban ga shagon da zan sayi ko daddawa ba, ban ga mai mayafi ko ɗaya ba sai mu.

Wani ɓangare na masaƙar sun mai da shi gidan tarihi da shago. Ciki ɗumi, ƙamshin ulu da man inji, riguna jere har rufi. Na ɗauka hajiyoyina za su baje, sai na ga Tanti ta shafa suwaita biyu sama-sama kamar mai gaida maƙiyi, ta wuce kai tsaye wajen zare ta ɗauki dunƙule ɗaya ja wur ta biya.

"Tanti, yaushe kika fara saƙa?"

"Yau."

Ta jefa shi a jaka ta ja hannun Maman. "Bon, akwai wata 'yar Dosso da aka ce tana nan bayan layi, bari mu gaishe ta mu dawo. Ke zauna ki zaɓa mana kayan, kin fi mu Turanci."

"In kai ku mana."

"A'a! Nan kusa ne. Ƙafafunmu sun sage, mu ɗan miƙe su."

Maman da ke kukan gwiwa in za ta hau bene, ita ce yau ke son miƙe ƙafa. Suka fita, shadda na ƙara.

Mai tsaron wurin wata tsohuwa ce baƙar fata, gashinta fari tas, sanye da rigar saƙa kore mai manyan maɓallai. Ta ce in kira ta Miss Odessa. Da ta ga na tsaya ina kallon wani tsohon injin saƙa mai allurai a zagaye, sai ta taso da sandarta.

"A kan irin wannan na ƙarar da ƙuruciyata, baby. Zo in nuna miki."

Ta zagaya da ni tana ba ni labari, ni kuma ina ta gyaɗa kai da suwaitar yaran Kawu a hannu. Ta nuna mini hoton gadar nan cike da mutane, ta ce zamanin kakarta ma'aikata suka yi yajin aiki, masu masaƙa suka haye Virginia suka kwaso 'yan banga, aka yi harbi a kan gadar, aka kwashi gawa, jihohin biyu kowace ta ce ba a ƙasarta aka mutu ba. Ta ce shekara da shekaru mace baƙa ba ta taɓa inji, sai dai shara da kwasar ƙurar auduga. Tana cikin na farko da aka ɗora a kan inji, kullum ta je cin abinci ta dawo sai ta tarar an tsinke mata zare.

Na ce, "Kuma kika zauna?"

"Ina zan je? Nan ne gida." Ta dafa injin. "Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Wata rana muna aiki sai ga wasu maza da tef, suna auna injuna, tsawo da faɗi. Muka tambaya, aka ce fenti za a yi wa daɓe. Muka ji daɗi har muna gardamar launi. Ashe awon manyan motocin da za su kwashe su ake yi. Ran Litinin muka zo da abincinmu a jaka muka tarar da sarƙa a ƙofa." Ta girgiza kai. "Manajan da ke gaishe ni kullum ya sani. Mijin ƙawata da ke ofis ya sani. Kowa ya sani sai mu da ke tsaye a kan injin."

Masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Nan take komai ya haɗu a kaina. Mètre da aka manta bisa tebur. Jan zare a hannun matar da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Shadda, zinare, kaskon turare. Ki dai duba shi da kyau.

A wajenmu, in biki ya matso, dangin amarya mata su ke zuwa ganin gidan da za a kai ta. Su auna tagogi don labule, su auna ɗaki don gado da kujeru, su turara shi, su yi addu'a. Amarya kuwa ba ta ganin gidanta sai ranar da aka kai ta, kanta a lulluɓe, tana kuka, a ce ta shiga da ƙafar dama. Na san al'adar sarai, na raka amare ba adadi. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne a rasa direba a ɗauki amaryar ta kai masu awo.

Na ce, "Miss Odessa, akwai wani ɗan Afirka da ya sayi gida a nan kwanan nan?"

Fuskarta ta washe. "Dogon nan mai manyan motoci? Yaron kirki. Farin gidan da ke bayan layin dogo. Har bargo ya saya a wajena, ya ce na amaryarsa ne, wai tana wanke haƙora a Greensboro." Sai ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa, murmushin ya gudu. "Oh, honey. Ba ki sani ba."

Na ajiye mata rigunan a kan injin na fita.

Ban sha wahalar nema ba. Ina tsallaka layin dogo na hango tirelar Chaïbou a wani makeken fili, sunansa rubuce a jikin ƙofa da fentin da ni na taya shi zaɓa. Gidan fari, mai baranda da lilo, bishiyoyi sun kewaye shi. A bakin ƙofa takalma biyu a jere, na Maman mai duwatsu da na Tanti mai tsini. Ƙamshin turaren wutarmu, wanda Maman ke ɓoyo tana cewa na bikina ne, yana fitowa ta ƙasan ƙofa.

Na tsaya na dubi ƙafafuna. Na ɗaga ta hagu da gangan na shiga, da takalmina, idona a buɗe.

Bangon falon kore ne mai haske, irin na ɗanyen lemon tsami. Watan jiya ya tambaye ni a waya wane launi na fi so a falo, na faɗa masa wannan, har na tura masa hoto. Ganin launin nan a bangon ya fi komai yi mini ciwo.

Suna ɗakin ciki. Tanti ta hau kan wani bokitin fenti da leshinta, ta danna bakin jan zaren a saman taga, Maman na durƙushe a ƙasa tana ƙulla ƙulli daidai inda labule zai tsaya. Zaren ya riga ya yi tsawo, ƙulli bayan ƙulli, na falo, na kicin, na ƙofofi.

"Ina 'yar Dosson?"

Tanti ta kusa faɗowa. "La'ilaha illallahu! Fita! Fita, Nadia! Amarya ba ta ganin ɗakinta, mugun abu ne! Rufe idonki!"

"Na riga na gani, Tanti. Gidan wa ye wannan?"

"Gidanki mana, mi kike so a ce? Ɗiyan mutane na can cikin apartment kamar tantabaru, ke an saya miki gida da fili, ki yi guɗa ki gode Allah."

"An tambaye ni?"

"Surprise ne yaron ya shirya miki. Shi ya roƙe mu kar mu faɗa."

"Aikina fa? In riƙa tuƙin nan safe da yamma, ko in ajiye? Maman fa, wa zai kai ta asibiti? Shi yana kan hanya mako-mako, ni in zauna nan da wa, da gunkin safa?"

"Ke dai kin cika tsiya. Aure ai haƙuri ne."

Na bar ta na juya wajen wadda ta haife ni. Har lokacin tana durƙushe, zaren a hannunta, ta ƙi ɗago kai.

"Maman, kin sani. Kika zauna a bayana a mota tun daga Greensboro, ina tambayar ki ko in ƙara miki heater, kin sani."

Ta miƙe da ƙyar tana dafa bango. Muryarta ta fito da kaushi. "Ni an tambaye ni ne da aka kawo ni ƙasar nan? Ko kin fi ni ne? Kar ki ɗaga mini murya cikin gidan mutane."

Gidan mutane. Ita da bakinta ta faɗa.

Ban ɗaga murya ba. Na miƙa hannu na zare zaren daga hannunta, na fizge bakinsa daga na Tanti, na zauna a kan bokitin fentin na fara kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Tanti na salati tana tafa hannu, tana cewa wahalar safiya guda ce nake ɓatawa, tana cewa Amurka ta lalata ni. Farcena ya karye, ban fasa ba. Duk na kwance sai na ƙarshe, na tagar ɗakin, wanda Maman ta ƙulla. Ta ja shi tam, na yi na yi ya ƙi. Na dunƙule zaren na tura a aljihun jaket.

"Wanda zai koma Greensboro ya taso."

A hanya wayata sai kuka take ta yi a gefe. Tanti ce ta tura wa Chaïbou labari, na gani ta madubi. Ko safa ƙafa ɗaya ba mu sayo ba. Da muka iso na buɗe saƙonnin.

"Nadia, ɗauki waya."

"Don Allah ki saurare ni."

"Ba haka na so ki gani ba."

Wannan na ƙarshen ya ƙara tunzura ni. Wato yadda na gani ne matsalar, ba abin da na gani ba. Na rubuta masa, "Gobe bayan la'asar. A falonmu." Na kashe wayar.

Ya zo da farar shadda da hula, da ledar gasasshen nama a hannu kamar wanda ya taka mini ƙafa a kasuwa. Ni ko kwalli ban sa ba, doguwar rigar atamfa ta zaman gida da hijabin salla. Maman na ɗakinta, tun jiya ba ta ci abinci ba, ba ta yi mini magana ba. Na ajiye jan zaren a kan tebur tsakaninmu.

"Don ke na yi, Nadia. Kin san wahalar da nake sha da parking ɗin motocin nan. A Greensboro ba zan samu fili irin wannan ba, ko na shekara goma ina tara kuɗi. Na ga dama ta zo, in na tsaya shawara wani zai ɗauke. Na ce in kika ga gidan a gyare za ki so shi."

"Yaushe zan gan shi? Ranar da aka lulluɓe mini kai aka tura ni ciki, an ɗaura, an ci, an watse?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon zaren.

"Ka san zan ce a'a, shi ya sa ba ka tambaya ba. Ka ɓuya bayan al'ada, ka sa uwata ta yi mini ƙarya. Ka tambaye ni launin bango, Chaïbou. Launin bango! Garin da zan rayu a ciki kuwa ka tambayi Tanti."

"Ba nisa fa. Za ki saba. Akwai asibitin haƙori a can ma, na bincika."

"Har aikin ma ka auna mini?"

Ya shafa fuska da hannu biyu. Wallahi a lokacin ya ba ni tausayi, idonsa ya yi ja, na ga ramar tuƙi a wuyansa, na san don gidan nan ya yi ta kwana a hanya. Zuciyata ta ce ki sassauta. Sai na tuna akurkin kaji, na ji tausayin ya ƙone.

"Na riga na sa hannu, Nadia, ba a mayarwa. Kuma Maman ta sani, ta sa albarka." Ya ɗaga murya kaɗan yana fuskantar ɗakinta. "Maman, don Allah ki sa baki."

Labule ya motsa. Ta fito da zanen gida da carbi, idonta a kumbure. Na gyara zama ina jiran a haɗu a kaina. Ba ta dube ni ba. Ta zauna a kujerarta, ta ɗauki zaren daga tebur, ta bi shi da yatsa har ta kai kan ƙullin da ya rage.

"Chaïbou, ɗana, na sa albarka, ban musa ba." Tana magana a hankali. "Ni da aka kawo ni ƙasar nan, a filin jirgi na fara jin sunan garin da zan zauna. Baban Nadia mutumin kirki ne, Allah ya jiƙan shi, amma shekaruna na farko a bakin taga na yi su, ina jiran in ga mai kama da ni ya wuce. Jiya ina riƙe da zaren nan na leƙa tagar can. Na daɗe ina kallo. Ko kare bai wuce ba."

Ta kai ƙullin bakinta, ta kama shi da haƙori, ta ja har ya saki. Ta miƙar da zaren a cinyarta ta shafe shi, ta naɗe a yatsu, ta miƙa masa.

"Ka ce wa mutanenku su riƙe valise ɗinsu tukuna. Ba a kawo mini akwati gidan nan sai ɗiyata ta san inda za a kai ta, kuma ta ce to."

Valise shi ne lefe, kuma Asabar mai zuwa aka shirya kawo shi. Chaïbou ya karɓi zaren da hannu biyu, ya durƙusa ya yi mata sallama, ni bai dube ni ba. Naman ma a nan ya bar shi. Ina jin saukarsa a matattakala na fashe da kukan da na riƙe tun Garin Safa. Na matsa zan rungume Maman, ta ture ni ta ce in tashi in ɗumama mata miya, kuma har yanzu ba ta yafe mini shiga da ƙafar hagu ba.

Tun daga ranar gidanmu bai huta ba. Tanti ta kai ƙara wajen Kawu Ousmane, wanda shi ne waliyyina, ya turo mini saƙon murya mai tsawon huɗuba, ban buɗe ba. Matan anko na ta kira suna tambaya ko su dakata da ɗinki. Wata ma cewa ta yi in ba na so in ba ta lambarsa, ƙanwarta na nan. Shi kuwa gogan shiru, ko ina kwana babu, sai yau ina cikin mota a bakin asibiti ina cin abincin rana na ji wayar ta yi ƙara. Layi ɗaya ne.

"Nadia, in na zaɓi gidan fa?"

Na ajiye cokali. Na rubuta doguwar amsa na goge. Na rubuta ina son ka, don gaskiya ce, ita ma na goge, don ya sani, kuma da saninsa ya je ya sa hannu. Daga ƙarshe na rubuta masa:

"To zaren na hannunka. Ka nemo wadda za a auna wa."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Lokacin hutuna ya ƙare, na goge ido na sa safar hannu na koma kan haƙoran mutane, wayar na aljihuna a jikin cinyata. Har na tashi aiki ba ta motsa ba.